Kasuwa ta yi mana nisa, malt da madara za su ƙara wa yarana jini?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mun tare a sabuwar unguwa a bayan garin Kano, babu kasuwa kusa, sai shago ɗaya mai taliya, biskit da lemon kwalba. Tun zuwanmu miyar ganye ta yi wuya a gidan. Yanzu ɗana mai shekara 3 ya ɗashe. Maƙwabciyata ta ce in riƙa haɗa masa malt da madarar gwangwani. Ya isa?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Gaskiya ne, abin da ke kusa da ƙofa shi ke shiga tukunya. Amma nisa ba shi kaɗai ba ne. A Amurka, wani bincike na 2019 ya gano cewa ko an buɗe babban kanti a unguwar talakawa, cefanen mutane bai cika sauyawa ba. Kuɗi da sabo sun fi tasiri.

Yanzu batun malt. Wallahi na gaji da jin maganar nan, har a bakin wasu masu kemis da ke sanye da farar riga. Malt ruwan sukari ne mai launin duhu, duhun ne ke sa mutane ganin kamar jini suke sha. Jini kuwa sinadarin ƙarfe yake buƙata, madara ba ta da shi sai ɗan kaɗan, kuma sinadarin kalsiyam ɗinta yana rage wanda hanji zai tsotsa. Yaro ya sha kofi guda, cikinsa ya cika, a kawo tuwo ya kau da kai, uwa kuma hankalinta kwance wai ta ba shi magani. Nakan ga irinsu bayan wata biyu: tafin hannu fari fat, haƙoran gaba sun fara cinyewa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 68 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan wata 6 zuwa 59 suna da ƙarancin jini. Da malt na magani, da ba mu kai nan ba.

Ɗashewa ma ba kullum abinci ke kawo ta ba. Zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki da sikila duk suna shan jini. Ki kai shi asibiti a auna jininsa a satin nan.

Cefane kuwa, ki koma dabarar iyayenmu, tunda su ma ba firji gare su ba. Ku haɗa kuɗin A Daidaita Sahu da maƙwabta, mutum ɗaya ya je kasuwar 'Yankaba ya yo wa gida uku. A sayo abin da ke ajiyuwa: wake, gyaɗa, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, kifi banda, busasshen zogale. Ranar da aka samu hanta, yaron za a fara ba. Ki matsa lemon tsami a faten wake, yana taimaka wa jiki ya ɗauki ƙarfen, shayi kuma a bari sai an jima da cin abinci. In akwai fili a tsakar gida, ki dasa zogale inda ruwan alwala ke gangarawa.