Kafin ka zuba baƙin mai a yashi

Kana tambayata galan nawa na baƙin mai ake zuba wa tifa guda ta yashi, tunda gasar golf ɗin abokan nan ta shekara-shekara ta matso kuma za a sabunta birawun, wato filin yashi mai haɗe da mai da ke kewaye da kowane rami a madadin ciyawa. Yaro, da galan ne ma'auni ai da kowa ya iya aikin. Hannu ke aunawa. Ka damƙi yashin ka matse. In ya dunƙule, ka taɓa shi da yatsa ya warwatse, to ya yi. In ya bar maka maiƙo yana ƙyalli a tafin hannu, mai ya yi yawa, ƙwallo za ta riƙa jan ƙafa ta isa rami duk ta yi baƙi. In kuma ya ƙi dunƙulewa, iskar hunturu za ta kwashe shi kafin la'asar. Tankaɗe da shimfiɗa da jan buhu don share wa ƙwallo hanya kuwa ba zan ɓata bakina a kansu ba, wanda bai san su ba ya koma ɗaukar wa 'yan wasa jaka.

Amma tambayar da ya kamata ka fara yi ita ce, wa zai biya kuɗin man da yashin, kuma yaushe?

Wata shekara shugaban irin wannan kwamiti na abokai ya same ni a gindin darbejiyar da muke ajiye kayan aiki. Tsofaffin 'yan makaranta ɗaya ne, duk ƙarshen shekara suke haɗuwa daga Legas da Abuja da Kano su buga ramuka 18, su ci gasasshen rago, wanda ya yi nasara ya tafi da kofi. Ya ce yana so duk birawun su zama sababbi, in yi aikin da kuɗina, ranar gasa a sallame ni har da tukwici. Mutum ne mai furfura da babbar mota, ga "Malam" da yake ta kirana da shi. Na ciwo bashin yashi wurin mai tifa, na bi garejin makanikai ina tattara baƙin mai jarka-jarka. Sai da muka kankare tsohon yashin har muka tarar da jar ƙasar da ke ƙasa, muka daɓe ta, sannan muka shimfiɗa sabo tun da sauran lokaci, don mai yana son ya kwana ya shiga jikin yashi. Kowane rami da hannuna na yanka shi, faɗinsa milimita 108 kamar yadda doka ta ce, ba ƙari ba ragi.

Ranar gasa mutumin nan yana gaba da bugu ɗaya har suka iso rami na 17. Ƙwallonsa tana kan birawun, tazarar ba ta fi taku uku ba. Yaron da ke jan buhu ya share masa hanya sumul. Ina tsaye ina kallo hannunsa na rawa, ya buga ta wuce, ya sake bugawa ta tsaya a bakin rami. Abokinsa ya ɗauki kofi. Da yamma na je karɓar haƙƙina, sai ya ce a gaban jama'a wai yashina ne ya yi nauyi, wai na sa rami a gangare. Mutum nawa suka bi ta wannan rami a ranar ba wanda ya yi ƙorafi? Ya miƙo mini abin da bai kai rabi ba, ya ce in zo ofis. Ofishin da har yau maigadi ke cewa ya fita. Babur ɗina na sayar na biya mai tifa, domin shi ba ruwansa da wanda ya ci kofi.

Ku yaran yanzu kuna kallon koren fili a waya kuna raina yashi. Tun 1913 ake buga golf a Rayfield ta Jos, zamanin Turawan haƙar kuza, kuma filayen Arewa da dama da yashi da mai suka rayu saboda ruwan shayar da ciyawa a rani ba wasa ba ne. Ku kuwa so kuke a ba ku lissafi a takarda ku gama cikin awa ɗaya ku koma danna waya.

Ga abin da za ka yi. Ka je wurin ma'ajin kwamitin, ba shugaba ba, ka ce kuɗin yashi da mai da na leburori a hannu kafin shebur ya taɓa ƙasa, ladan aikinmu kuma rabi yanzu, rabi da safiyar gasa kafin a buga ƙwallon farko. In sun yarda, ka kwaɓa kwano ɗaya ka kawo mini in damƙa in ji. In sun ce sai bayan gasa, ka ce musu ni na hana.