Gwajin Mantuwa Ga Dattawa: Amsoshin Tambayoyinku

Wata 'yar uwa daga Zariya ta rubuto: "Mahaifiyata tana da shekara 74, makarantar allo kawai ta yi. An yi mata gwajin MMSE ta ci 19 cikin 30, aka ce cutar mantuwa ce. Tun ranar ban yi barcin kirki ba."

Ki kwantar da hankalinki 'yar uwa, Allah Ya ba Hajiya lafiya. Maki 19 kaɗai bai isa a yanke mata hukunci ba. MMSE gajeren gwajin tambayoyi ne na auna tunani da ƙwaƙwalwa. An tsara shi ne a Amurka a 1975, don mutanen da suka zauna a aji. A ciki akwai karanta jimla, da rubuta jimla, da kwafe zane, da ɗebe bakwai bakwai daga ɗari, da faɗin kwanan wata na Turawa. Tsohuwar da ta san sarai ana cikin Sha'aban amma ba ruwanta da Fabrairu za ta zubar da maki masu yawa alhali ƙwaƙwalwarta garau. Ki nemi likita ya sake gwada ta da IDEA ko RUDAS, gwaje-gwajen da suka fi dacewa da wanda bai yi boko ba. Shi IDEA a Tanzaniya aka tsara shi, an kuma jarraba shi a Ibadan. Makinsa 15, babu karatu babu rubutu: ta lissafo sunayen dabbobi cikin minti ɗaya, ta riƙe kalmomi goma, ta faɗi sunan mai garinsu, ta jera tsinken ashana huɗu yadda aka nuna mata. A yi da Hausa, da tabaronta a ido, a ɗakin da babu hayaniya. Ki tafi da wanda yake kwana gida ɗaya da ita, domin shi zai faɗi ko ta fara barin tukunya a wuta ko rikita raka'o'in sallah, kuma wannan bayanin likita na ba shi nauyi ƙwarai.

Wani daga Kaduna: "Babana tsohon shugaban makaranta ne. MMSE ko MoCA? Zan iya sauko da shi daga intanet mu riƙa bita a gida?"

MoCA, wani gwajin tambayoyi irin MMSE. Ya fi kama raunin tunani da ke farawa. A binciken da aka wallafa a 2005 ya gano kashi 90 cikin 100 na masu ƙaramin rauni, MMSE kuwa kashi 18. Makin MoCA 30 ne, daga 26 zuwa sama lafiya, sai dai yakan jefa masu lafiya da yawa ƙasa da layin. Batun bita kuma, haba Malam! Jarrabawar WAEC ce? In Baba ya haddace kalmomi biyar ɗin da gwajin ke sa a riƙe, likitan kuka rufe wa ido.

Wata daga Katsina: "Kakana lafiya lau yake, kwana uku ke nan ya rikice, ba ya gane mu. Wane gwaji za mu yi?"

Babu. Ku kai shi asibiti yau. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya takan fito ne daga zazzaɓi, ciwon mafitsara, faɗuwar suga ko shanyewar ɓarin jiki.

Wani daga Kano: "An ɗora hannun Innarmu a wata na'ura da aka haɗa da kwamfuta, ta nuna ƙwaƙwalwarta ta raunana. An ce mu sayi kwalaben ginkgo na wata uku."

Ɗan uwa, riƙe kuɗinka. Babu ƙarfen da za a damƙa a tafin hannu ya auna tunanin mutum. Ka lura da kyau, mai na'urar shi ne mai kwalaben, kuma ba a taɓa tashi daga gabansa babu cuta ba. Gwajin gaskiya takarda ce da biro da minti goma. Wani gwajin mai suna Mini-Cog ma minti uku ne, kalmomi uku da zanen agogo. Shi ginkgo, maganin ganye ne, an gwada shi a Amurka kan dattawa sama da 3,000, sakamakon ya fito a 2008, bai hana cutar mantuwa ba. Ga haɗarin zubar jini in ta haɗa shi da aspirin ko warfarin, masu tsinka jini. Lambar NAFDAC a jikin maganin ganye ba shaidar yana warkarwa ba ce, balle wasu lambobin ma na bogi ne.

Abin da ke ƙona min rai, kuɗin kwalaben nan su ne ya kamata su tafi ga awon jini: bitamin B12, da aikin maƙoƙo (thyroid), da suga, da ƙoda. Ƙarancin B12 yana kawo mantuwa, yana da magani, kuma masu shan metformin, maganin ciwon suga, shekara da shekaru sun fi kamuwa da shi. Baƙin ciki mai tsanani da rashin ji su ma suna shigar burtu kamar gigin tsufa. Kada kuma wani mai kemis ya ba ku donepezil, maganin da ake ba masu cutar mantuwa, da ka. Ba ya warkarwa, yana rage bugun zuciya, sai likita ya duba. Ku kai Inna Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, ku zuba duk magungunan da take sha a leda ɗaya ku tafi da su, musamman Piriton da diazepam, domin su kansu suna dusashe tunanin tsoho.