Likita, da gaske shaye-shayen giya gado ne?

Tambaya: Salam Likita. Ni matashi ne daga Tudun Wada a nan Gombe. Babanmu Allah ya jiƙansa ya yi fama da giya har hanta ta kai shi, yanzu kuma yayana ya kama. Ni ban taɓa sha ba, amma gidan da nake neman aure sun ce wai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Dan Allah abin nan a jini yake?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya gafarta wa Baba. Eh akwai gado a ciki, ba zan ɓoye maka ba, amma ba irin gadon da surukan naka suke nufi ba.

Binciken da aka yi kan tagwaye da kuma yaran da aka ba riƙo ya nuna kusan rabin haɗarin kamuwa daga ƙwayoyin gado yake, ɗaya rabin kuma tarbiyya ce da abokai da damuwa da sauƙin samun abin. A 1973 wani likita Donald Goodwin ya bibiyi 'ya'yan mashaya a Denmak waɗanda aka raba da iyayensu tun suna jarirai, sai ya ga duk da ba su tashi a gaban uban ba sun fi sauran yaran riƙo faɗawa ciki sau uku zuwa huɗu. Amma ka lura, ko a cikinsu mafi yawa ba su zama mashaya ba. Wannan ne mutane ba sa faɗa.

To me ake gada? Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo da sinadarai, kowane sinadari da mazauninsa inda yake sauka, kuma ƙwayoyin gado ne ke tsara yadda mazaunin zai kasance. Akwai GABA wanda shi ne birkin ƙwaƙwalwa, akwai gulutamet wanda shi ne totur. Giya tana danna birki ta sassauta totur, shi ya sa mutum ke jin jikinsa ya saki, damuwa ta lafa. A 2004 wani babban bincike kan iyalan mashaya a Amurka ya gano alaƙa tsakanin shaye-shaye da wata ƙwayar gado mai suna GABRA2, wadda ke gina wani sashe na mazaunin GABA ɗin. Sai dofamin, sinadarin da ke sa ka ji abu ya yi daɗi ka so ƙari. A 1990 Kenneth Blum da Ernest Noble sun danganta abin da DRD2, ƙwayar gadon da ke gina mazaunin dofamin, jaridu suka yi ta yayata an gano ƙwayar shaye-shaye, daga baya wasu suka maimaita binciken sakamako ya ƙi zuwa ɗaya. Yau abin da aka tsaya a kai shi ne ƙwayoyi ne masu ɗimbin yawa, kowacce tasirinta ɗan kaɗan ne, don haka duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya gwada jininka ya faɗa maka ko ɗanka zai sha giya, wallahi cin kuɗinka kawai zai yi.

Ƙwayoyin gadon da ma suka fi ƙarfin tasiri su ne masu tsara yadda hanta ke narkar da giya, ADH1B da ALDH2. Mutane da yawa a Sin da Japan da Koriya jikinsu ba ya iya narkar da gubar da giya ke rikiɗewa ta zama, suna kurɓa fuska ta yi ja, zuciya ta hau bugu, ga tashin zuciya, wannan wahalar ce ke kare su. Ka ga gado yana iya zama kariya kenan.

Abin da ya fi damuna shi ne yaron da ke alfahari wai shi ko ya sha kwalba nawa ba ya buguwa. Wannan ba ƙarfi ba ne, alamar haɗari ce, an fi ganinta a 'ya'yan mashaya kuma su suka fi kamuwa daga baya, don sai sun sha da yawa kafin su ji. Haka wanda ya fara kafin shekara 15 ya fi wanda ya kai 21 haɗari nesa ba kusa ba, ga giyar leda nan da yaro zai saya da kuɗin tara ya sa a aljihu.

Kai da ba ka taɓa sha ba, babu ƙwayar gadon da za ta kai kofi bakinka, sai giya ta shiga jiki tukuna take samun abin yi. Ka riƙe hakan, ka nesanci kodin da taramol su ma, domin wani ɓangare na raunin ɗaya ne. Ka samu wani babba da surukan ke jin nauyinsa ya yi masu wannan bayani, su dube ka da halinka.

Yayanka kuwa, dan Allah a daina zagi da gori, ciwo ne kuma yana da magani. Amma in kullum yake sha kar a kulle shi a ɗaki a ce ya daina dare ɗaya. Ƙwaƙwalwarsa ta saba, in aka cire giya kwatsam sai rawar jiki da zufa, wani har farfaɗiya da gane-gane, kuma yana iya kisa. Ku kai shi sashen masu taɓin hankali a Asibitin Koyarwa na Tarayya nan Gombe, a sauke shi a hankali da magani, a duba hantarsa, kuma ku gaya wa likitan tarihin Baba tun zuwan farko.