Tiyatar Kumburin Hanji: Likita Ya Amsa Tambayoyinku

Likita, barka da aiki. Ƙanena na da cutar Crohn, hanjinsa ya tsuke, an ce sai an yi masa tiyata. In an yi, ya rabu da ita ke nan?

A'a, malam. Crohn cuta ce mai sa kumburi a hanyar abinci, tana iya kama ko'ina daga baki har dubura, sai dai ta fi zama a ƙarshen ƙaramin hanji. Likitan fiɗa zai yanke inda ya lalace, ya haɗa bakunan biyu ya ɗinke. Ana samun sauƙi sosai, wani lokaci na shekaru, amma cutar kan dawo, galibi daidai bakin ɗinkin. Shi ya sa ake leƙa hanjin da kyamara wata 6 zuwa 12 bayan aikin, ko da mutum na jin garau. In ƙanen naka na shan taba, ya daina tun yau, don taba na ninka haɗarin dawowarta.

Mijina ya fi wata uku yana shan maganin rage kumburin hanji mai suna prednisolone, ya rame ƙwarai. Likitoci sun ɗage ranar aikinsa, ni kuwa gani nake ɓata mana lokaci suke yi.

Hajiya, ki gode musu. Abin da likitan fiɗa ya fi tsoro shi ne ɗinkin hanji ya ƙi kamawa, ƙazanta ta tsiyaya cikin ciki. Wannan kan mayar da mutum ɗakin tiyata, har yakan yi kisa. Prednisolone, musamman miligiram 20 ko fiye a kullum na sama da mako 6, yana hana rauni warkewa, yana kuma buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa. Rama ma haka. Ki duba takardar gwajin jininsa inda aka rubuta albumin, wato wani sinadarin gina jiki da ke cikin jini: in ya gaza giram 30 a kowace lita, jikin ba shi da abin da zai haɗe ɗinki da shi. Hanjin irin wannan majinyaci yakan kumbura ya yi laushi, zare na ratsa shi kamar jiƙaƙƙiyar takarda.

A wannan tsakani za su rage maganin sannu a hankali, su gina jikinsa da abinci na ruwa na musamman, su gyara ƙarancin jini, in akwai tarin mugunya a ciki su zuƙe. Kada ya yanke maganin da kansa, tsayar da shi farat ɗaya haɗari ne babba. Amma in cikinsa ya kumbura, yana amai ba tsayawa, ko jini ya ɓalle, ku garzaya asibiti ko tsakar dare ne.

Ni budurwa ce, ina da cutar gyambon babban hanji, an ce za a cire shi. Zan dawwama da jakar tara bahaya manne a fatar cikina? Zan haihu?

Taki ta bambanta da Crohn: in an cire babban hanji da ƙarshensa gaba ɗaya, ciwon hanjin ya ƙare. Tun 1978 likitoci a Landan suka fito da dabarar ɗinka 'yar ma'ajiya da ƙaramin hanji a haɗa ta da dubura, don haka ga mutane da yawa jakar ta 'yan watanni ce. Sai dai za ki riƙa zagayawa kamar sau 5 ko 6 a yini, kuma kusan rabin masu ma'ajiyar tana yi musu kumburi wani lokaci.

Haihuwa kuwa, aiki a ƙasan mara na iya barin tabo kusa da bututun ƙwai ya jinkirta samun ciki. Tiyatar da ake yi da kyamara ta ƙananan huji, ba tare da tsaga ciki ba, ta fi sauƙin wannan matsala. Ki faɗa wa likitanki burinki ba kunya, don ana iya jinkirta haɗin sai kin gama haihuwa.

An ce Crohn ce da ni, amma wani likita ya ce a fara gwada tibi.

Ka bi shawararsa. A ƙasashenmu tibin hanji ya fi Crohn yawa, wuri ɗaya suke kamawa, alamominsu kuma kusan ɗaya. Maganin Crohn na danne garkuwar jiki, in aka ba mai tibi sai ciwon ya bazu. Tibi kuwa galibi magani na wata 6 ke kashe shi ba tare da wuƙa ba.