Tambaya da Amsa: Rigimar kuɗin cefane a rediyon Amurka

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na ga wani tsohon bidiyo a YouTube, baƙi da fari, wata mata na aiki a kamfanin cakulan injin ya fi ƙarfinta tana ta cusawa a baki da cikin riga, na sha dariya sosai. Wai ance asalinsa wasan rediyo ne, haka ne? Kuma me ya kaita aikin? Daga wata mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Matar nan Lucille Ball ce, abinda kika gani daga shirin talabijin na I Love Lucy ne, na shekarar 1952. Kuɗi ne ya kaita. Ta kashe fiye da abinda ke asusunta na banki, mijin ya harzuƙa yace bata san wahalar nema ba, shine suka yi musanye, ita da ƙawarta su fita aiki mazajensu su zauna gida da girki da guga.

Maganar rediyo kuwa gaskiya ce. Tsakanin 1948 da 1951 gidan rediyon CBS ya riƙa sa wani wasa mai suna My Favorite Husband, Lucille ce ta fito a matsayin Liz, Richard Denning kuma mijinta George, ma'aikacin banki. Abinda ya fi burgeni a tarihin wasan shine da farko masu hali aka yi su, sunansu ma Cugat, sai marubuta Jess Oppenheimer da Madelyn Pugh da Bob Carroll Jr. suka sauko dasu suka zama masu rufin asiri kawai, a 1949 sunan ya koma Cooper saboda ana rikita su da wani shugaban makaɗa mai suna Xavier Cugat. Ni a ganina daga nan wasan ya samu rai, dan wa zai tausayawa matar da ba abinda ta rasa? Amma mace ta hango riga a kanti ranta ya biya, ta taɓa kuɗin gida tana cewa zata cike kafin ƙarshen wata, wata ya ƙare miji ya zauna yace kawo lissafi, ta shiga kame-kame, ƙarya ta haifi ƙarya har maganar ta kai kunnen maigidansa na ofis Mista Atterbury, wallahi ko a nan duk wadda ta taɓa ɗiban kuɗin cefane ta zuba adashi ta san wannan faɗuwar gaban. Kuma duk rigimar basa wulaƙanta juna, wannan na ƙara min son wasan.

A gaban 'yan kallo ake ɗaukarsa, dariyar da ake ji ta mutane ce a zaune. Da CBS suka so kai shi talabijin sai Lucille ta kafe sai dai mijinta na gaskiya Desi Arnaz, ɗan asalin Kyuba, ya fito a mijinta. Suka yi ta ja kafin su yarda, aka fara I Love Lucy ranar 15 ga Oktoba 1951 da marubutan nan uku, har wasu labaran rediyon suka sake gyarawa suka saka.