Tsakanin Kakar Amurka da Kakarku ta Ƙofar Sauri

Hadiza 'yata, assalamu alaikum. Ya gida, ya maigidan? Ya angona Amir da kishiyata Nana? Saƙonki na murya ya iso tun ranar Talata, sai da na saurare shi sau uku, don tambaya biyu kika zuba mini a ƙwarya ɗaya. Kin ce yara sun tasa ki gaba, 'yan ajinsu za su garin Salem, kusa da Boston, cikin Oktoba kallon mayu da fatalwa, wasu za su gonar kabewa, su ma sai an kai su. Kin kuma ce kun fara tarin kuɗin babbar tafiya ta iyali, ke ranki na kan Umra, maigida na son Istanbul, yara kuma Dubai suke kwana suna tashi da ita. Kika ce, "Gwaggo, mu a al'adarmu yaya ake yi?" Idona ba ya jure hasken wayar nan, Bilki ce ke bugawa ina faɗa, in kin ga kuskure nata ne.

Wannan biki nasu na Halowin, wanda yara ke ɓad da kama su bi gida gida neman alewa, ba labari aka ba ni ba. Shekarar da na zo miki jegon Nana, na idar da sallar asuba na ɗaga labule, sai ga ƙwarangwal ɗin mutum zaune a kujera ƙofar gidan maƙwabciyarku, da hula a kansa, ƙafa ɗaya kan ɗaya. Carbin hannuna ya faɗi, na kama "a'uzu billahi" ba ƙaƙƙautawa, ke kuwa kina kan gado kina dariya har ɗinkinki na ciwo. Tsohuwar da ta ajiye wannan roba ita ce ta shigo barka da yamma, da faranti rufe da tsumma da 'yar rigar sanyi da ta saƙa wa jaririya da hannunta. Tun ranar na daina auna mutanen nan da abin da suka rataya a ƙofa.

Amma na bi asalin abin, kin san halin tsohuwar malamar makaranta. Daga Ailan da Sikotilan ya fito. Mutanen can na dā suna da biki a ƙarshen girbi, daidai shigowar sanyi, sun yi imani a wannan dare ruhin matattu kan dawo yawo cikin masu rai, sai a hura wuta, wasu su ɓad da kama. Da addinin Kirista ya kafu, coci ta sa ranar tunawa da waliyyanta a 1 ga Nuwamba, daren 31 ga Oktoba ya zama jajiberenta. Yunwar da ta faɗa wa Ailan daga 1845, lokacin da cuta ta cinye musu dankali, ita ta kwaso jama'a da yawa zuwa Amurka, suka taho da al'adarsu. A gida wani tushe mai kama da gwaza suke fafewa su sa wuta a ciki, a Amurka suka tarar da kabewa ta fi girma da sauƙin fafa. Yau yawancin masu yi ba su ma tuna da wannan, alewa ce da kasuwa.

Na san me ke ranki, za ki ce ai mu ma muna da tashe. Gaskiya ne, sun yi kama. Azumi ya kai goma, ubanki da abokansa su manna gemun auduga, su cusa tsumma a ciki, su bi gida gida ana ba su hatsi da kwabo. A Kano har Nalako gare su, sarkin gwagware, mai farautar wanda azumi ya riske shi ba mata. Sai dai ki duba wa tashe ke kwaikwayo: tsoho mai rowa, malami mai kwaɗayi, mai magani maƙaryaci, mata da miji masu faɗa. Masu rai ne, ana yi musu hannunka-mai-sanda cikin raha. Ba mu taɓa yin wasa da gawa ba. Ba a ɗaura wa yaro likkafani don dariya, ba a kafa kabarin ƙarya a tsakar gida. Maƙabarta wurin sallama ce da addu'a, kuma magariba na yi uwa ke tattara 'ya'yanta cikin gida, wannan ma koyarwar Manzon Allah ce, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Tsoro kuwa ba mu rasa shi ba. Dodo na nan, kura na nan, tsamiyar bayan gari da ba a bi ta ƙarƙashinta da tsakar rana na nan. Amma yaro yana jin su ne a kan tabarma, kansa a cinyar kakarsa, in an ce ƙurunƙus ya yi barci cikin 'yan'uwansa.

Hukuncin shiga bikin ki kai wa limamin masallacinku, malamai da yawa sun hana. Ni ta fuskar tarbiyya nake magana. Kada ki sa wa Amir kayan gawa ko na maye, kada ki sake su cikin dare suna buga ƙofar mutane. Kada kuma ki ce musu 'yan ajinsu 'yan wuta ne, gobe tare za su zauna a benci ɗaya. Ku ne kuka koya mini cewa wanda ya kashe fitilar ƙofarsa a daren ba a buga masa, kuma ba mai jin haushi. Ki kashe, ki soya musu abin da suke so, ki yi musu Gizo da Ƙoƙi. In kin manta, ki kira ni, sa'a biyar ce tsakaninmu, ni kuma barci ya daɗe da rage mini.

Gonar kabewa kuwa ku tafi, har da ta tufa. Kaka ce, kuma murnar kaka tamu ce tun kafin mu san akwai Amurka. Lokacin ne ake yankan gero da dawa, a cire gyaɗa, a roro wake, a cika rumbu, 'yan dambe su fito, a yi kalankuwa, a ɗaura aurarrakin da aka ɗage tun damina. Yaron da bai taɓa ganin abinci a jikin ƙasa ba gara ya gani. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai a can: a fafe kabewa mai kyau, a yi mata ido da haƙora, a bar ta a dokin ƙofa har ta ruɓe. Ku sayi ƙanana masu zaƙi, ki yi musu taushe da alayyahu da gyaɗa, 'ya'yan a soya da gishiri.

Yanzu Salem. Nan nake so ki nutsu, don garin ya fi abin da ake sayarwa a cikinsa nauyi. A 1692, wasu 'yan mata biyu a gidan limamin cocin ƙauyen, Samuel Parris, 'yarsa mai shekara 9 da wata 'yar'uwarta mai 11, suka fara faɗuwa suna ihu suna murɗewa. Aka rasa ciwon, aka ce kamun mayu ne. Aka matsa musu su faɗi suna. Suka fara da waɗanda ba su da mai tsaya musu: baiwar gidan mai suna Tituba, da wata mabaraciya, da wata mata mai jinya da ta daina zuwa coci. Daga nan wuta ta kama. An zargi mutum fiye da 200, an rataye 19, mata 14 da maza 5. Cikinsu akwai Rebecca Nurse, tsohuwa mai shekara 71 da maƙwabta suka sa hannu a takarda suna shaidar kirkinta, bai hana ba. Wani dattijo, Giles Corey, ya ƙi amsa tuhuma, aka yi ta ɗora masa duwatsu a ƙirji har rai ya yi halinsa. Kotu ta karɓi shaidar wanda ya ce kurwar wance ta zo masa ta shaƙe shi. Abin mamaki, wanda ya amsa cewa shi maye ne ya tsira da ransa, wanda ya dage kan gaskiyarsa shi aka kai igiya. Sai da gwamna William Phips ya rushe kotun cikin Oktoban shekarar. A 1697 ɗaya daga alƙalan, Samuel Sewall, ya miƙe a coci aka karanta takardarsa ta neman gafara. Waɗanda aka rataye dai ba su dawo ba.

Wannan labari bai yi miki kama da na gida ba? Ina 'yar shekara goma sha, a ƙauyen kakanninmu na wajen uwa, yarinya ta kwanta da zazzaɓi mai zafi tana sambatu, ta ambaci sunan wata tsohuwa mai sayar da daddawa. Ba ɗa, ba miji, ido ɗaya ya shanye. Da idona na ga an jawo ta tsakar gari ana cewa sai ta tsallake yarinyar ta sako kurwarta. Tana rantsuwa tana kuka, zaninta na kwancewa, yara na jifa. Na jefa ko ban jefa ba, wallahi har yau ina tuhumar hannuna. Yarinyar ta warke da aka kai ta asibiti, tsohuwar kuwa ba wanda ya ƙara sayen daddawarta har ta bar garin. Don haka in za ki kai su Salem, ki kai su, tafiyar kamar rabin sa'a ce a jirgin ƙasa daga Boston. Amma ba cikin Oktoba ba, lokacin da gari ke cika maƙil da masu dogayen huluna irin na mayu. Ku je da rana tsaka cikin bazara. Akwai wurin tunawa da aka buɗe a 1992, duwatsu 20 kamar benci a jikin katanga, kowane da suna da ranar da aka kashe mai shi. Amir ya iya karatu, ya karanta sunayen da bakinsa. Sannan ki ba shi labarin mai daddawa.

Sai babbar tafiya. A dā Bahaushe bai san fita don kallon gini kawai ba. Fatauci ne, ko neman ilimi, ko aikin hajji, ko zumunci. Fatake su bi madugu watanni har Gwanja ɗauko goro. Kakan ubanki da ƙafa ya nufi Makka ta Barno da Chadi da Sudan, yana noma a hanya yana tara guzuri, ya shekara bakwai kafin ya dawo, wasu abokan tafiyarsa suka zauna can, jikokinsu na Sudan har gobe. Ba na cewa yawon buɗe ido laifi ne, tafiya mabuɗin ilmi ce. Amma a wurinmu kowace tafiya akwai fuskar da ake nufa a ƙarshenta, kuma fuskar da ta fi cancanta da kuɗin nan naku tana Ƙofar Sauri a Katsina, kan dardumarta. Kakarku Hajiya Babba ta haura tamanin. Nana ba ta taɓa jin ɗumin hannunta ba, a waya kawai take ganinta. Jiya ma ta sa an ciro mata zanin saƙin da ta ajiye wa yarinyar, ta shinshina ta mayar cikin adaka. Dubai ba inda za ta. Ka'aba na nan, Allah ya ba ku ikon zuwa, kuma yara sun fi amfana in sun ƙara ƙwari, don safa da marwa kaɗai ta haura kilomita uku, ga ɗawafi ga cunkoso.

Maigida kuma ba sai ya haƙura ba. Akwai jirgin da ke tashi daga Boston ya sauka Istanbul, daga can a kamo na Abuja. Ku ya da zango kwana uku, ku yi salla a masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya shida, ku shiga fadar Topkapi inda aka adana takubba da kayayyakin da ake dangantawa da Annabi da sahabbai. In kun iso, ni zan kai su Gobarau su ga hasumiyar ƙasa da ta shekara ɗaruruwa a tsaye, mu yi sammako zuwa Daura su leƙa rijiyar Kusugu, su ji yadda maciji ya hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a har Bayajida ya sare kansa. Ga abin tsoro nan na gado in shi suke nema. Hutun Disamba ya fi, sauro ya yi sauƙi, sai dai ƙurar hunturu, a taho da man shafawa da maganin zazzaɓin da likitansu zai rubuta. Hanya kuma da rana ake bin ta, Baffanku zai faɗa muku wadda za a bi.

Ladubban fita ba su canza ba don an koma jirgin sama. A biya ƙananan basussuka, a yi sallama da maƙwabta har da mai ƙwarangwal, a nemi yafiya, a fitar da sadaka, a koya wa yara addu'ar hawa abin hawa su riƙa yi da kansu. In an iso, gidan Hajiya ake fara sauka kafin ko'ina, sannan dangin maigida, kada ki bari a ce wani ɓangare aka fifita. Ki koya wa Amir durƙusawa tun yanzu, kada ya miƙa wa Baffa hannu yana tsaye ƙiƙam, kada kuma ya karɓi abu da hagu. Tsaraba ba sai mai tsada ba, amma a lissafa kowa, wanda aka manta shi ke riƙewa shekara goma. Na komawa kuma ban da kilishi, kin tuna yadda ma'aikatan filin jirgi suka zare mini ƙulli biyu ina ji ina gani.

Ki zauna da maigida ku tsayar da wata, ki sanar da ni kafin in faɗa wa Hajiya, don in ta ji ba za ta ƙara barci ba. Ki aiko da awon angona, telan Baffa na son wata guda kafin ya gama babbar riga. Kishiyata kuwa ki ce mata lallenta na nan na daka na tankaɗe. A gaida kowa da kowa.

Gwaggonki