Tawada cike da tanki amma rubutu na fita da fararen layuka

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da firinta Epson L3110 da nake buga takardun jarrabawar ɗalibaina a gida. Wata guda na yi ban kunna ta ba, yanzu rubutu na fita da fararen layuka, launin ja kuma ya ɗauke gaba ɗaya, alhali tankunan cike suke. Ta mutu ke nan? Daga wata malama, Ƙofar Ƙaura, Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ba ta mutu ba, tawada ce ta bushe a bakin hed, wato kan da ke zirga-zirga yana fesa ta a takarda. Ƙofofinsa sun fi silin gashi ƙanƙanta, iskar hunturun Katsina kuwa ba ta barin danshi a ko'ina.

Ki fara da shafin gwaji. Kashe firintar, ki danne maɓallin tsayarwa, mai alamar alwatika cikin da'ira, ki kunna ta kina riƙe da shi har fitilar wuta ta fara ƙiftawa. Za ta fitar da layukan kowace kala. Inda layi ya yanke, nan ne toshewar. Sai ki danne wannan maɓallin na daƙiƙa 5, za ta wanke hed da kanta. Ki sake gwaji.

Kada ki wuce wanki 3, don Allah. Kowane wanki zuƙo tawada yake ya zubar cikin wani soso da ke ƙasan injin, kuma injin na lissafi. Ran da ya ga soson ya cika, zai tsaya cak sai an kai wa mai gyara. In rubutun bai gyaru ba bayan wanki na 3, ki kashe ta ta huta awa 12, tawadar da ta daskare ta jiƙa, kumfar iska ta kwanta. Sau da yawa washegari ja ya dawo. Kada a sa allura, fetur ko kananzir, domin in hed ya lalace, kuɗin sabo kan ci kaso mai tsoka na kuɗin firintar.

Daga yau, ki riƙa buga shafi guda mai kala duk mako, ki riƙa zuba tawada mai lamba 103, wadda aka yi domin wannan samfurin. Kuma da maɓallinta za ki kashe ta, ba daga soket ba, saboda hed ya koma mazauninsa na gefen dama inda robar da ke rufe bakinsa take. In wuta ta ɗauke ana cikin bugu, da ta dawo ki kunna ki kashe yadda ya kamata.

Tambaya: Tawa HP DeskJet ce, sai ta yi ta ƙara ba ta ja takarda ba, ko ta kwashi uku lokaci guda. Daga wani ɗalibi, Daura.

Amsa: Ƙura ce, ɗan'uwa, ta sa tayoyin robar da ke jan takarda santsi. Zare wayar wuta, ka ɗan jiƙa ƙyalle mai tsabta da ruwa, ka goge su kana juyawa da yatsa, ka bari su bushe minti 10. Ka karkaɗa takardun kafin ka zuba, ka yi amfani da A4 mai giram 80, in ka gama aiki kuma ka lulluɓe firintar da mayafi.